Sun ce sun yafe, mu kuma me muka yi da yafiyar?

Yau zan taɓo maganar da ba mu cika son a taɓo ba a wurin shan shayi, kuma na san wasu za su ce me ya kawo wannan yanzu. Ku daure ku karanta har ƙarshe, sannan wanda zai yi gyara ya yi.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram. An cinna wa majami'u wuta, an ƙona makarantar mishan, an farfasa gidaje da shagunan Kiristoci, an ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar. Mutum 5 suka rasa rayukansu. Tartsatsin ya kai har Gure da Magaryarmu. Washegari Asabar aka tashi da ita a Yamai, inda aka ƙara rasa mutum 5, kuma 'yan sanda da bakinsu suka ce majami'u 45 aka ƙona a babban birnin kaɗai, har da gidan marayu da makaranta. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3.

Ni Musulmi ne, kuma zanen nan ya ƙona mini rai kamar yadda ya ƙona wa kowa. Ganin shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, cikin jerin gwanon birnin Paris ranar 11 ga wata ya ƙara wa wutar fetur. Amma wanda ya yi zanen yana Paris, wanda aka ƙona wa ɗaki yana unguwarmu. Jaridar ma ba ta Kiristoci ba ce, ta sha yi wa Fafaroma da Yesu kansa zanen izgili. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kiristocin Nijar ba su rama ba. Ba a ji an jefi masallaci ko ɗaya ba. Shugabanninsu sun fito a rediyo da talabijin suka ce sun yafe, manyan limaman Katolika na ƙasar suka aika wa al'ummar Musulmi saƙon sabunta zumunci, mabiya kuma suka koma yin sujada cikin bangayen da hayaƙi ya baƙanta. Mu sai muka kasu biyu wajen fassara. Wasu suka ce ai tsoro ne, su nawa ne da za su rama? Wasu suka ce to shi ke nan, tunda sun yafe magana ta ƙare. A ganina duka biyun sun kuskure, kuma fassara ta biyun ta fi ta farko haɗari.

Kafin mu yi hukunci, mu fara jin abin da addinin nasu ya koya musu. Ba muhawarar tauhidi na kawo ba. Mun san abin da muka yi imani da shi game da Annabi Isa, alaihissalam, su ma sun san nasu. Amma mutumin da kuke cin kasuwa ɗaya, kuke hawa kabu-kabu ɗaya, bai kamata a ce ba ka san abin da ke hana shi ɗaga hannu in ka mare shi ba.

Tushen maganar yana cikin doguwar huɗubar da Linjilar Matiyu ta ce Yesu ya yi a kan dutse, sura ta 5 zuwa ta 7. Mutanen da yake yi wa magana sun tashi da dokar ramuwa daidai da daidai, shi kuma ya ce wa almajiransa su wuce nan. Kada su mayar wa mugu da irin muguntarsa. Wanda aka mara a kunci ɗaya ya miƙa ɗayan. Abokin gaba ma a so shi, mai tsananta maka ka sa shi cikin addu'a. Dalilin da ya bayar kuwa, duk ɗan manomi zai gane shi: Allah yana fito da rana, yana saukar da ruwa a kan nagari da mugu baki ɗaya. Mu da muka tashi a Dantchiao mun ga haka da idonmu. In hadari ya taso daga gabas, ba ya tsallake gonar ɓarawo ya zuba a ta liman. Koyarwar ta ce wanda yake son ya yi koyi da halin Ubangijinsa, alherinsa ma kada ya riƙa tsallake gonar kowa.

Akwai wurin da almajirinsa Bitrus ya tambaye shi ko yafiya sau bakwai ta isa, sai ya ba shi adadin da ke nufin ya daina ƙirga. Addu'ar da kowane yaron Kirista yake haddacewa tun yana ƙarami ta ɗaure gafarar da mutum ke nema wurin Allah da gafarar da shi yake yi wa mutane, wato kullum ya buɗe baki ya roƙa, ya tuna wa kansa bashin da ke wuyansa. A labarinsu, daren da aka zo kama Yesu wani almajiri ya zare takobi, shi kuma ya sa ya mayar da shi kube. Kuma a imaninsu, yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Romawa sura ta 12, ya tattara abin a wuri ɗaya: sakayya ta Allah ce, maƙiyi in yana jin yunwa a ba shi abinci, mugunta kuma da alheri ake kayar da ita.

To wannan shi ne abin da ake karanta wa yaro a majami'ar Dungas ko ta Damagaram kowace Lahadi, da Hausa, don tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshenmu. Na faɗi haka ne saboda kalmar nan Nasara ta daɗe tana rikita mu. Da ita muke kiran Bature, da ita muke kiran Kirista, har muka ɗauka abu ɗaya ne. Sojojin Faransa da suka ci Damagaram da yaƙi a 1899 ba Linjila suka zo da ita ba, bindiga da haraji suka kawo. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram ne a 1924, daga baya suka kafa tasha a Dungas, kuma jikokin waɗanda suka bi su Hausawa ne irinmu, masu cin tuwon gero, masu gaida sarki, masu kiran sunan Allah. Ranar da aka ƙona musu ɗaki don a huce haushin Faransa, ba su da wata ƙasar da za su koma.

Yanzu mu zo kan masu cewa tsoro ne. Ba zan ce babu tsoro ba. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan Nijar ba, kuma a ranakun nan ɗaruruwansu a barikin soja suka kwana a Damagaram. Wanda ya ce bai ji tsoro ba a irin wannan hali ya yi ƙarya. Amma mun san abin da tsoro yake haifarwa: shiru, gudu, ƙulla mutum a zuci. Tsoro ba ya sa ka tashi da safe ka wanke gyambon ɗan uwan wanda ya ƙona maka wurin ibada. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da cibiyar Danja kusa da Maraɗi ba su rufe ƙofa ba bayan Janairun 2015, ba su kuma fara tambayar majinyaci addininsa ba. Mu ne dai muke cika layin, kamar kullum.

Ga kuma wani misali da tsoro ba zai iya bayyana shi ba. Pier Luigi Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya, 'yan bindiga sun sace shi ranar 17 ga Satumban 2018 a Bomoanga, cikin jihar Tillaberi. Ya yi shekara 2 a hannunsu, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. Ya koma ƙasarsu, inda ba mai iya taɓa shi, kuma a can ɗin ya ci gaba da faɗa wa duniya cewa ya yafe wa waɗanda suka ɗaure shi. Wa yake tsoro a Italiya?

Kada kuma a ɗauka ina cewa duk Kirista haka yake. Ina! Koyarwa daban, mabiya daban, su da mu duka. Ku dubi garin Yelwa a jihar Filato cikin 2004. A watan Fabrairu aka kashe Kiristoci gommai, da yawansu a cikin majami'a. A watan Mayu 'yan bindigar ɓangaren Kiristoci suka dawo suka kashe Musulmi ɗaruruwa. Bayan 'yan kwanaki aka tashi ramuwa a Kano, aka kashe fiye da mutum 200 da ba su taɓa taka Yelwa ba. Kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna ya ce su suka fara. A Afirka ta Tsakiya ma, 'yan anti-balaka da suka kori Musulmi daga Bangi a 2014, da yawansu da sunan Kirista suke yawo. Wannan ya nuna mana cewa yafiyar da muka gani a Nijar ba a jini take ba. Zaɓi ne da mutane suka yi da haƙoransu a cije, alhali suna da 'yan uwa a ƙetaren iyaka da suka zaɓi akasin haka.

Wanda yake son ya ga wahalar wannan zaɓi ya dubi Fasto James Wuye na Kaduna. Yana matashi jagoran 'yan daban ɓangarensu ne, kuma a rikicin 1992 aka sare masa hannun dama. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan uwansa a rikicin. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai, kuma Wuye bai ɓoye ba cewa ya yi shekaru suna aiki tare yana jin kamar ya kashe abokin nasa. Kullum ya dubi dungun hannunsa sai ya sake yafewa daga farko. Mai ganin wannan ragwanci ne, ya gwada yafe bashin jaka biyar ya ji yadda take.

Mu dawo kan fassara ta biyu, wadda na ce ta fi haɗari: sun yafe, magana ta ƙare. Wannan ita ce ta fi mana daɗi, don ba ta neman komai a wurinmu.

Lokacin da nake jami'a na yi wani aboki Kirista ɗan Damagaram, wanda gidansu na cikin waɗanda aka farfasa. Wata rana na raka shi gida, na durƙusa na gaida mahaifiyarsa, hira ta kai mu ga wancan lokaci. Na ce mata, Mama, yaya kika yi da zuciyarki? Ta ce tun a makon ta yafe, don ba za ta iya tsayawa gaban Allah tana neman gafara da ƙulli a ranta ba. Sai dai ta ce akwai yaran da ta gane fuskarsu a ranar, waɗanda ta san iyayensu, har yau suna wucewa ta ƙofar gidanta, kuma ko ɗaya bai taɓa tsayawa ya ce mata sannu ba. Ba ta faɗa da ɗaci ba. Ta faɗa ne tana zuba mini ruwa a kofi.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, a koyarwar Kirista kanta yafiya ba ta share gaskiya, ba ta kuma rufe kotu. Yesun da ya yi maganar miƙa ɗaya kuncin, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, Linjilar Yahaya ta ce bai yi shiru ba, ya nemi a nuna masa laifinsa ko a faɗa masa dalilin dukan. Bai rama ba, kuma bai bar zaluncin ya wuce ba suna ba. Bulus da aka yi wa bulala aka kulle ba shari'a a garin Filibi, da mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ƙi ya yi, ya ce sai sun zo da kansu. Wasiƙar nan da ta hana mutum ɗaukar fansa a sura ta 12, ita ce a sura ta 13 ta ce hukunta mai laifi aikin hukuma ne. A labarin Zakka mai karɓar haraji kuwa, alamar tubansa ita ce alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu.

Ashe kaya uku ne, kowa da nasa. Yafiya kayan wanda aka zalunta ne. Tuba da mayar da haƙƙi kayan wanda ya yi zaluncin ne. Bincike da hukunci da diyya kayan hukuma ne. Don ɗaya ya sauke nasa, bai sauke wa sauran biyun ba.

Haka manyan da suka rayu da wannan koyarwa suka fahimce ta. Fafaroma John Paul na biyu, wanda Mehmet Ali Agca ya harba ranar 13 ga Mayun 1981, ya je har kurkuku a Disamban 1983 ya zauna da shi, amma mutumin bai bar gidan yarin Italiya ba sai a 2000. A Charleston ta Amurka, wata biyar bayan tarzomarmu, wani matashi farar fata ya harbe baƙaƙe 9 a majami'arsu, wasu daga cikin dangin mamatan suka ce masa sun yafe a gaban alƙali, shari'a kuma ta ci gaba har aka yanke masa hukunci. Martin Luther King, daren 30 ga Janairun 1956 da aka jefa bam a gidansa a Montgomery, ya fito ya ce wa taron da ya zo da makamai su koma gida, amma ƙauracewa motocin safa da yake jagoranta bai tsaya ba sai da ya cika kwana 381, dokar wariya a motocin ta faɗi. Desmond Tutu ma, a hukumar gaskiya da sasantawa ta Afirka ta Kudu, sharaɗin afuwa shi ne mai laifi ya fito ya faɗi abin da ya yi dalla-dalla a bainar jama'a. Babu ɗayansu da ya ce a binne magana.

Mu kuwa binnewa muka iya, kuma abin da aka binne da rai yana tasowa. A Nuwamban 2000, lokacin boren adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an kai wa majami'u hari a Maraɗi. A Satumban 2012 an farfasa cocin Katolika na Damagaram saboda wani fim da aka yi a Amurka. Sai 2015. Sai Yunin 2019, da aka ƙona wata majami'a a Maraɗi bayan kama wani malami, alhali ba Kiristoci suka kama shi ba. Kowane karo sai a ce a yi haƙuri, su ce sun yafe, mu ce madalla, a jira na gaba. Wa a cikinmu zai iya kawo sunan mutum ɗaya cikin goman da suka mutu a kwana biyun nan? Ranar 16 ga Janairu tana zuwa ta wuce a fadojinmu kamar kowace rana. In mutum ya san duk abin da ya yi maka za ka yafe, kuma ba mai tambayarsa, to yafiyarka ta zama masa lasisi. Laifin wannan ba na mai yafiya ba ne, namu ne da muka bar shi shi kaɗai da kayan mutum uku.

Nan ne ma nake jin tsoron kalmar haƙuri yadda muke amfani da ita. Matar da miji ya fasa wa baki, a ce ta yi haƙuri. Talakan da mai kuɗi ya cinye wa gona, a ce ya bar wa Allah. Kusan kullum na ƙasa ake ba haƙuri, na sama ba mai ce masa ya mayar. Irin wannan haƙuri ba shi Linjila ta koyar ba, ba kuma shi Alƙur'ani ya koyar ba. Wanda ya yafe da gaske ya san haƙƙinsa, ya kira laifin da sunansa, sannan ya ajiye wuƙar da hannunsa. Wanda aka toshe wa baki kuwa bai yafe ba, ajiya ya yi, kuma wata rana shi ko ɗansa zai ɗauko.

Wani zai ce to mu mutanen Dantchiao da Magarya da Dungas, da Kiristocinmu ba su da yawa, ina ruwanmu da wannan dogon zance? Ruwanmu ya fi na kowa, don sarƙar ramuwa ba ta tambayar addini. Muna zaune a bakin iyaka, inda mutane suka yi yawa gonaki suka yi kaɗan, burtali yana ƙanƙancewa kowace shekara. Duk kaka sai an ji dabbobi sun shiga gona, an sari wani, dangi sun fito da kwari da baka. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a Oktoban 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ƙare da kisan fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yaran Fulani, kuma duka ɓangarorin alƙibla ɗaya suke kallo. Ku dubi Zamfara da Katsina, yadda kisan ramuwa tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga ya cinye garuruwa, har wutar ta tsallako kudancin Maraɗi. Ɗan kasuwarmu da ke zuwa Maigatari ranar Alhamis yana jin labarin da kunnensa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, an wayi gari ba wanda ya yarda ya zama na ƙarshen da aka mara.

Wannan shi ne abin da koyarwar nan take nema ga mai binta, ya yarda duka ya tsaya a kansa, kada ya wuce zuwa kan wani. Tsadarsa ba kaɗan ba ce, kuma ba na jin ina da bakin da zan tilasta wa wanda aka kashe wa uba ya biya ta. Amma ku yi tunanin a ce a daren 16 ga Janairun nan wasu samari biyu sun ɗauki galan na fetur sun nufi wani masallaci. Da wane gari za mu wayi gari? Mako uku bayan haka, ranar 6 ga Fabrairu, Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa. Ƙasar ta shiga wannan yaƙi ba tare da yaƙin addini a cikin gida ba, kuma wani ɓangare na godiyar yana wurin mutanen da ba mu taɓa yi wa godiya ba.

Mu Musulmi ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Addininmu ya halatta ƙisasi ta hannun hukuma, ya kuma fifita afuwa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shiga Makka da rinjaye ya yafe wa waɗanda suka kore shi. Sahabban farko da suka gudu daga azaba, wurin sarkin Habasha Kirista suka sami mafaka. A ranakun tarzomar ma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu, kamar yadda Malam Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262 a masallacinsa da gidansa a Filato cikin Yunin 2018. Saboda haka ba cewa nake mu aro addinin wani ba. Cewa nake maƙwabcinmu ya aikata mafi wuyar abin da littafinsa ya umarce shi, a ranar da ta fi kowace wuya. Mu fa, namu littafin me ya ce game da haƙƙin maƙwabci, da mayar da kayan zalunci, da sharaɗin tuba in laifin tsakaninka da ɗan Adam ne? Ko ɗalibin makarantar allo ya san amsar: sai ka nemi mai haƙƙi.

Waɗanda suka yi ɗaukar fetur a 2015 yawancinsu sa'o'inmu ne. Yau sun zama magidanta, wasu suna da shago, wasu ƙila suna karanta wannan rubutu. Ɗan uwa, in kana cikinsu, ba sai ka jira kotu ba. Ka san gidan, ka san abin da ka ɗauka. An riga an yafe maka, abin da ya rage ka je ka karɓa da ƙafarka, ka mayar da abin da za ka iya mayarwa.

Sauranmu kuma akwai abin da ke hannunmu. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp yana cewa an yi kaza a gari kaza, ku fito, ya mutu a wayarka. In rigima ta tashi a wata ƙasa, ka tambayi mai zuga ka wane laifi maƙwabcinka ya yi a ciki. Shugabannin fada da na ƙungiyoyin matasa su sa ranar 16 ga Janairu cikin lissafi, a gayyato liman da fasto a zauna a faɗi abin da ya faru da sunansa, don ƙannenmu da ba su yi wayo ba a lokacin su ji daga bakinmu. Magadan gari da sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku, in an kawo muku sulhun gona ko na wurin ibada, kada a tsaya a kan ba wanda aka cuta haƙuri, a fara da wanda ya yi cutar. Hukuma kuma ta sani cewa yafiyar talaka ba ta ɗauke mata aikin bincike da biyan diyya.

Na san akwai 'yan uwa Kiristoci da ke bin wannan shafi, ko da ba su cika magana ba. In na yi kuskure wajen bayyana koyarwarku, ku gyara mini a ƙasa. Sauran 'yan uwa, kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma da ladabi, kuma ina so in ji musamman daga mutanen Damagaram da Magarya da suka ga abin da idonsu: a unguwarku, akwai wanda ya taɓa komawa ya nemi gafara? Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.